Hanyoyin tattaki a dazuzzukan redwud na gaɓar teku

Hanyoyin tattaki a dazuzzukan redwud na gaɓar teku turbobi ne da hukumomin gandun daji suka shata domin masu yawo da ƙafa a cikin kurmin bishiyar redwud, a jihar Kalifoniya da kudu maso yammacin jihar Oregon ta ƙasar Amurka. Bishiyar, wadda sunanta na kimiyya shi ne Sequoia sempervirens, ita ce mafi tsayi a cikin dukkan bishiyoyin duniya. Yawancin turbobin da suka fi shahara ana gama su a cikin yini guda, wasu ma a ƙasa da awa ɗaya. Abin da ya bambanta su da hanyoyin tattaki na wasu wurare shi ne, sau da yawa hanya mafi sauƙi ita ce ke kai mutum ga bishiyoyi mafiya girma, domin manyan bishiyoyin sun fi son fadamun bakin rafi inda ƙasa take a shimfiɗe. Wannan sauƙi ya jawo ɗimbin baƙi, kuma shi ne ya sa aka kafa dokoki na kare saiwoyin bishiyoyin daga tattakewa.

Inda dazuzzukan suke

Redwud na gaɓar teku tana tsirowa ne a wani siririn yanki mai tsawon kimanin kilomita 750 a bakin Tekun Fasifik, daga kusurwar kudu maso yammacin Oregon zuwa yankin Big Sur a gundumar Monterey. Ba ta yin nisa da teku, saboda ta dogara ga hazon da ke tasowa daga ruwan teku mai sanyi. A wannan yanki ruwan sama yana sauka ne galibi daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa da wuya a ga ruwa, sai hazo ya riƙa taruwa a kan ganye yana ɗiga ƙasa, ganyen ma yana shan wani kaso kai tsaye.

Ana yawan rikita ta da 'yar'uwarta, babbar sekoya, wadda ke tsirowa a tsaunukan Sierra Nevada can cikin ƙasa. Sekoya ta fi kauri da nauyi, redwud ta gaɓar teku ta fi tsayi. Wadda ta fi kowace tsayi a cikin waɗanda aka auna ita ce Hyperion, mai kimanin mita 116, wadda Chris Atkins da Michael Taylor suka gano a shekarar 2006. Wasu bishiyoyin sun haura shekara 2,000 da tsirowa. Ɓawonsu yana kai kaurin santimita 30, kuma shi ke kare su daga gobara da ƙwari.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa, ƙabilun Yurok, Tolowa, Chilula da Wiyot suna zaune a dazuzzukan arewa, yayin da Miwok na gaɓar teku da Ohlone suke kudu. Mutanen arewa suna tsaga katako daga bishiyoyin da suka faɗi su gina gidaje, suna kuma sassaƙa kwalekwale da gungumensu. Zuriyarsu na nan a yankin har yau.

Bayan gano zinariya a Kalifoniya a 1848, baƙi suka kwararo, buƙatar katako ta ƙaru, aka shiga saran daji gadan-gadan. An ƙiyasta cewa kafin lokacin akwai kusan hekta 810,000 na daɗaɗɗen kurmin redwud. Abin da ya rage a yau bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. Saboda haka mai tattaki yakan ratsa dogon daji na ƙananan bishiyoyi da suka sake tofowa bayan sara, kafin ya faɗa cikin ɗan tsibirin tsofaffi da gatari bai taɓa ba.

Gandun farko da aka keɓe shi ne Big Basin, a 1902, kuma shi ne gandun jiha mafi daɗewa a Kalifoniya. A 1908 Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana Muir Woods a matsayin wurin tarihi na ƙasa, bayan William Kent da matarsa Elizabeth sun ba gwamnati kyautar filin don hana wani kamfanin ruwa gina madatsa a kwarin. A 1918 aka kafa ƙungiyar Save the Redwoods League, wadda ta riƙa tara kuɗi tana sayen kurmi daga hannun kamfanonin katako. Wannan ne dalilin da ya sa kurmi da yawa ke ɗauke da sunayen masu ba da gudummawa ko 'yan'uwansu da suka rasu.

An kafa Gandun Ƙasa na Redwud a ranar 2 ga Oktoba, 1968, aka faɗaɗa shi a 1978. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1980. Tun daga 1994 ake gudanar da shi tare da gandayen jiha uku: Jedediah Smith, Del Norte Coast da Prairie Creek. Su huɗun sun ƙunshi kimanin kashi 45 cikin 100 na daɗaɗɗen kurmin da ya rage.

Yadda ake rarraba hanyoyin

Hukumomin gandun daji da littattafan jagora sukan kasa turbobi gida uku: masu sauƙi, matsakaita, da masu wuya. Babu ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, amma ana duba tsawon hanya, yawan hawa da gangara, da yanayin ƙasar da ake takawa. Hanya mai sauƙi galibi ba ta wuce kilomita 3 ba, kuma kusan a shimfiɗe take. Matsakaiciya takan kai kilomita 4 zuwa 10, da hawan tudu, da saiwoyi da laka a ƙarƙashin ƙafa.

Dalilin da ya sa manyan bishiyoyi ke kan hanyoyi masu sauƙi yana cikin ƙasar kanta. Idan kogi ya yi ambaliya, yakan bar laka mai taki a fadamar gefensa. Redwud tana jure wannan binnewa, domin takan fitar da sabbin saiwoyi a saman tsofaffi, alhali wasu bishiyoyin mutuwa suke yi. A hankali fadamar takan zama ta redwud kusan ita kaɗai, da ruwa a kusa da kariya daga iska. A kan tuddai kuwa, inda hanya ta fi wahala, bishiyoyin sukan zama gajeru kuma a cakuɗe da wasu iri.

Hanyoyin arewa

Yawancin gandayen arewa suna kan babbar hanya mai lamba 101, tsakanin garuruwan Orick da Crescent City, tafiyar kusan awa shida a mota daga San Faransisko.

Stout Grove yana cikin gandun Jedediah Smith a bakin Kogin Smith. Zagaye ne na kimanin mita 800 a kan fadama. Clara Stout ce ta ba da kyautar wurin a 1929 don tunawa da mijinta Frank Stout, wanda ya kasance attajirin katako. Ana isa can ta hanyar Howland Hill, siririyar hanyar ƙasa wadda manyan motoci ba sa iya bi.

Grove of Titans yana kusa da nan, a kan turbar Mill Creek, kuma zuwa da dawowa bai kai kilomita 3 ba. A ciki akwai wasu daga cikin redwud mafiya girman jiki da aka sani. Ana bi ne ta kan wata doguwar gada ta ƙarfe mai tsawon kimanin mita 400 da aka ɗaga sama da ƙasa.

Boy Scout Tree, ita ma a kan hanyar Howland Hill, matsakaiciya ce mai kimanin kilomita 9 zuwa da dawowa. Tana hawa tudu tana sauka, ta wuce wata katafariyar bishiya mai jiki biyu a haɗe, sannan ta ƙare a wata 'yar magangarar ruwa da ake kira Fern Falls. Ana buƙatar awa uku zuwa huɗu.

Lady Bird Johnson Grove zagaye ne na kimanin kilomita 2.4 kusa da Orick. Shugaba Richard Nixon ne ya keɓe wurin a 1969 da sunan matar tsohon Shugaba Lyndon Johnson, saboda ƙoƙarinta na kare muhalli. Kurmin yana kan tudu, fiye da mita 300 sama da teku, don haka hazo yakan lulluɓe shi. Bishiyoyinsa ba su kai na fadama girma ba, amma daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni furannin rododendron sukan buɗe a ƙarƙashinsu.

Trillium Falls zagaye ne matsakaici na kimanin kilomita 4 da rabi. Yana farawa daga Elk Meadow, filin da a dā injin tsaga katako ne a wurin kafin a rushe shi a mayar da ciyawa da fadama.

Fern Canyon, a gandun Prairie Creek, kwazazzabo ne mai ganuwa biyu a tsaye, masu tsayin mita 15 ko fiye, waɗanda tsiron fan mai ganye kamar gashin tsuntsu ya rufe gaba ɗaya. Zagayen bai wuce kilomita ɗaya da ɗoriya ba, amma ana bi ne ta cikin rafi, don haka jiƙa ƙafa kusan dole ne, sai dai a watannin da ake shimfiɗa ƙananan gadoji na wucin gadi. An ɗauki wani sashe na fim ɗin The Lost World: Jurassic Park na 1997 a nan. Daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Satumba sai da izini ake shiga da mota. A cikin gandun na Prairie Creek kuma akwai gajeriyar turbar Revelation, wadda aka tsara domin masu larurar gani su san daji ta hanyar taɓawa da shaƙa da sauraro.

Tall Trees Grove ita ce ke bakin iyaka tsakanin matsakaiciya da mai wuya. Tsawonta kimanin kilomita 7 ne, kuma ana fara ta da gangarar kusan mita 240 zuwa bakin rafin Redwood Creek, wanda ke nufin hawan yana jiran mutum a hanyar dawowa, lokacin da ya riga ya gaji. A nan ne wata tawagar National Geographic ta auna bishiyar da aka ɗauka mafi tsayi a duniya a 1963, lamarin da ya ƙarfafa kiran kafa gandun ƙasa. Ƙofar hanyar a kulle take, sai mai izini na ranar ake ba lambar buɗewa.

Hanyoyin Humboldt da Mendocino

Kudu da garin Eureka akwai gandun Humboldt Redwoods, wanda tsohuwar hanyar mota mai suna Avenue of the Giants ta ratsa na tsawon kimanin kilomita 50. A cikinsa ne Dajin Rockefeller yake, mai faɗin kusan hekta 4,000, wanda shi ne daɗaɗɗen kurmin redwud mafi girma da ya rage a haɗe wuri guda. An sa masa sunan John D. Rockefeller Jr., wanda ya ba da kuɗin da aka saye shi.

Zagayen Founders Grove bai wuce kilomita ɗaya ba, kuma a shimfiɗe yake. Abin da ya fi jan hankali a wurin shi ne Dyerville Giant, bishiya mai fiye da mita 110 da ta faɗi a watan Maris na 1991. An bar ta a kwance inda ta faɗi. Mai tafiya a gefenta daga gindi zuwa ƙarshe yana samun hanya mafi sauƙi ta fahimtar tsayin redwud, domin idan tana tsaye ba a iya hango samanta daga ƙasa. Saiwoyinta da suka tumɓuke suna nuna wani abu kuma: duk girman bishiyar, tushenta ba shi da zurfi.

A gundumar Mendocino akwai Montgomery Woods, zagaye na kimanin kilomita 3 da ke farawa da ɗan gajeren hawa mai tsauri kafin a sauka cikin wani kwari mai shiru. A ƙarshen shekarun 1990 wata bishiya a wannan kurmi ce ke riƙe da kambun tsayi na duniya.

Hanyoyin kusa da San Faransisko da kudu

Muir Woods yana kimanin kilomita 19 arewa da San Faransisko, kuma shi ne kurmin redwud da baƙin ƙasashen waje suka fi sani. Babbar turbarsa tana bin gefen rafi a kan katako da kwalta, har keken guragu na iya bin wani sashe nata. Gadoji sun haɗa gaɓa biyu na rafin, don haka mutum yana iya zaɓar gajeren zagaye ko ya ci gaba har kimanin kilomita 3. A watan Mayu na 1945, wakilan ƙasashen da suka taru a San Faransisko don kafa Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi taron tunawa da Shugaba Franklin Roosevelt a sashen da ake kira Cathedral Grove. Tun daga 2018, sai an yi rajista tun da wuri ake samun wurin ajiye mota ko kujera a motar safa ta gandun.

Armstrong Redwoods, kusa da garin Guerneville a gundumar Sonoma, yana da turbobi a shimfiɗe da ke wuce bishiyar Colonel Armstrong, wadda aka ƙiyasta ta haura shekara 1,400, da Parson Jones mai fiye da mita 90.

A tsaunukan Santa Cruz, gandun Henry Cowell yana da zagaye na kimanin kilomita 1.3 wanda ya dace da yara da tsofaffi. A kan hanyar akwai Fremont Tree, bishiya mai rai da wuta ta ƙwaƙule cikinta har mutane da yawa na iya tsayawa a kogon.

Big Basin ya sauya kama tun watan Agusta na 2020, lokacin da gobarar da tsawa ta haddasa ta ci kusan kashi 97 cikin 100 na gandun, ta ƙone tsoffin gine-ginensa. Yawancin tsoffin redwud ba su mutu ba. Sun fitar da sabon ganye daga jikinsu da ya yi baƙi da kuma daga gindinsu. An sake buɗe gandun a 2022, kuma gajeren zagayen Redwood Loop ya zama wurin da ɗalibai ke ganin yadda daji ke farfaɗowa bayan gobara.

Lokacin zuwa da shiri

Turbobin a buɗe suke duk shekara, amma kowane lokaci da halinsa. Daga Yuni zuwa Agusta hanya a bushe take, sai dai jama'a sun fi yawa kuma hazo yakan rufe gaɓar teku da safe. Satumba da Oktoba sun fi samun sararin sama garau. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa yana sauka sosai, ana cire gadojin wucin gadi, wasu hanyoyin ƙasa kuma sukan rufe. A gandayen arewa sanyi-sanyi ake yi kusan kullum, ko a tsakiyar shekara.

Jami'an gandu suna ba da shawarar a sa tufafi hawa-hawa, a riƙe rigar ruwa, ruwan sha da takalmi mai riƙe ƙasa. Sabis ɗin waya yakan ɗauke a cikin kwari, saboda haka taswirar takarda ko wadda aka sauke tun da wuri tana da amfani. Duhu yana shiga kurmi tun kafin rana ta faɗi. Ba a yarda a shiga da karnuka a yawancin turbobin ba.

Haɗurra

Idan ana iska mai ƙarfi, rassa kan karyo daga sama, kuma reshen redwud guda yana iya kai girman wata bishiyar sukutum. Shi ya sa ake gargaɗin barin kurmi a irin wannan rana. A filayen Prairie Creek da Elk Meadow akwai garken elk na Roosevelt, wata babbar dabba dangin barewa mai ƙaho rassa-rassa. Matan sukan kai hari idan suna da 'ya'ya a Mayu da Yuni, mazan kuma a lokacin barbara, wajajen Satumba da Oktoba. Akwai baƙar beyar da fuma, amma da wuya a yi kiciɓis da su. Abin da ya fi damun masu tattaki shi ne kaska, da wani tsiro mai ganye uku-uku wanda ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje idan ya taɓa fata. A turbobin da ke fita bakin teku kuma akwai haɗarin igiyar ruwa da ke zuwa ba zato, ta wuce inda sauran suka tsaya.

Tasirin baƙi da kariya

Saiwoyin redwud ba sa nitsewa fiye da mita 2 zuwa 4 a ƙasa. Bazuwa suke yi gefe har tsawon mita 30, suna sarƙewa da na maƙwabta, kuma siraran da ke shan ruwa suna dab da saman ƙasa. Idan dubban ƙafafu suka taka wuri ɗaya, ƙasar takan daddale, ruwa da iska su kasa shiga, tsirran ƙasa su mutu, saiwoyi su fito fili.

Grove of Titans misali ne na wannan. Stephen Sillett da Michael Taylor ne suka gano kurmin a 1998, aka ɓoye inda yake na wasu shekaru. Da bayanin ya bazu a intanet, mutane suka riƙa kutsawa ba tare da turba ba, har suka tattake gindin bishiyoyin. Maimakon a rufe wurin, sai aka gina gadar ƙarfen da aka kammala a 2022, wadda ke barin haske da ruwa su kai ƙasa. Game da Hyperion an ɗauki akasin wannan mataki: a shekarar 2022 hukumar gandun ta haramta zuwa wurin, tare da tarar da ke iya kai dala 5,000 da ɗaurin wata shida.

Ɓurɓushin abinci ma yana da illa. Akwai wani tsuntsun teku da ake kira marbled murrelet, wanda ke kamun kifi a teku amma yake yin sheƙa a manyan rassan tsoffin bishiyoyi, kuma ƙwai ɗaya tak yake sakawa. Ba a tabbatar da irin wannan sheƙa tasa a Arewacin Amurka ba sai a 1974, a Big Basin. Ragowar abincin baƙi yana jawo hankaki da danginsa, su kuma suna cinye ƙwan da 'yan tsakin. Don haka ake buƙatar kowa ya kwashe duk abin da ya zo da shi.

Ana kuma aikin gyara dajin da aka sare. Shirin Redwoods Rising, wanda aka ƙaddamar a 2018 tsakanin hukumar gandayen ƙasa, ta jihar Kalifoniya da Save the Redwoods League, yana rage cunkoson ƙananan bishiyoyi tare da share tsoffin hanyoyin motocin katako, domin waɗanda suka rage su samu sararin girma. A watan Mayu na 2022 ƙabilar Yurok ta saki ungulun Kalifoniya a yankin, bayan sun shafe fiye da shekara 100 ba a gan su a can ba. A 2024 kuma aka sanya hannu kan yarjejeniyar mayar wa ƙabilar filin 'O Rew da ke kusa da Orick, inda a dā akwai injin tsaga katako, kuma an tsara zai zama sabuwar mashigar turbobin gandun.